Ruwan Fa a Ƙasar Sin

Abin da na fara koya a Gwanzu, can ƙasar Sin, shi ne mutum yana iya wuni cikin dubban jama'a ba wanda ya ce masa sannu. Ni kuwa ɗan Ƙofar Durbi ne a Katsina, inda daga zauren gidanmu zuwa bakin titi sai ka gaisa har yawunka ya ƙafe, an tambaye ka gajiya, an tambaye ka iyali, an tambaye ka jikin Malam. A can kowa idonsa na kan wayarsa. Na yi ta ɗaga hannu ina murmushi kamar mai neman ƙuri'a, har na gane kaina kawai nake ba wahala, na daina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Sunana Lawal, ina da ɗan shago wajen Ƙofar Marusa inda nake zana katin biki da allunan talla a kwamfuta. Mahaifina kuwa, wanda kowa ke kira Malam, marubucin Alƙur'ani ne da hannu, irin rubutunmu na warash mai kauri, da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa. Duk dattijon da ya yi karatu a cikin birni ya san hannun Malam kamar yadda ya san fuskarsa. Sai idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce ciwon ba mai juyawa ba ne.

A cikin wannan hali Alhaji Sama'ila, mai sayar da kayan ɗakin amare, ya zo da shawara. Ya ce duk tiren silba da ake kawowa daga waje furanni ne a jiki, ko wani rubutun da ba wanda ya san ma'anarsa, me zai hana a buga na gida da hannun Malam a tsakiya, shi ya ɗauki nauyi, ni in je in tsaya a kan aikin. Malam ya ƙi da farko. Ya ce aya ba ta hawa tire, a zuba mata miya, a wanke ta a bakin kwata. Da ƙyar ya yarda da kalma guda wadda ba aya ba ce ba kuma sunan Allah ba: farahu, wato farin ciki. Haruffa uku ne, fa da ra da ha. Ya rubuta ta da girma, hancinsa na kusan taɓa takarda, kuma ita ce abu na ƙarshe da ya rubuta.

A karatun allo ɗigon harafi ruwa muke ce masa, kuma kalmar nan duka ruwa ɗaya gare ta, wanda ke ƙarƙashin fa. Da Malam ya miƙo mini takardar cikin tsohuwar gafakarsa ta fata, sai ya yi ɗan murmushi ya ce:

"Lawwali, za ka ƙasar Sin. To ita sin ba ta da ruwa ko ɗaya, ban damu da ita ba. Ruwan hwa nike ba ka amana. Kar a taɓa mani shi."

Na yi dariya a lokacin, na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Wanda Alhaji ya haɗa ni da shi a can wani dillali ne Bahaushe mai suna Ɗanliti, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fara tsami. Ya tarbe ni da runguma, duk abin da na ce sai ya ce an gama. Ya kama mini ɗaki a wani bene mai warin kifi da taba, tagarsa na kallon bangon wani benen, ba ka bambance hantsi da la'asar sai ka duba agogo. Ya gargaɗe ni kada in fita ba fasfo, kada kuma in kuskura bizata ta ƙare ina cikin ƙasar, don 'yan sandan can ba sa jin "don Allah". Daga ranar na zama mutum mai hannu biyu da aiki biyu, ɗaya na dafe da aljihun fasfo, ɗaya na rungume da gafaka. Har banɗaki sai na tsaya ina tunanin inda zan rataye ta.

Ɗanliti ya kai ni wurin da ya kira masana'antar amininsa. Na ga shago ne mai kantoci cike da kofuna da farantai, ba inji ko ɗaya. Na tambaya, ya ce injinan suna baya. Wannan bayan har na bar ƙasar ban gan shi ba. Mai shagon ya nemi ya ɗauki hoton takardar Malam don a yi samfuri, na ɗan yi jim, Ɗanliti ya ce haka ake yi, sai na bari.

Da muka koma bayan 'yan kwanaki, ba tire. Sun dai buga rubutun a jikin kofi, da marfin waya, da wani abu da ban lura da shi ba sai da mai shagon ya nuna mini da yatsa yana washe baki. A bakin ƙofa yake, shimfiɗe a ƙasa. Tabarmar goge ƙafa ce, hannun Malam a tsakiyarta. Mutumin ya hau kai da takalmi ya murza, wai yana nuna mini rubutun ba ya gogewa.

Ban san lokacin da na ture shi ba. Na fizge tabarmar na rungume. Mu da ko guntun takarda muka gani a ƙasa da baƙaƙen Larabci sai mun ɗauke mun soke a jikin katanga, yau ga rubutun ubana ƙarƙashin takalmi. Ɗanliti ya riƙe mini hannu yana cewa haba Malam Lawal, ai ba aya ba ce, kasuwa ce, kuma ya riga ya samo masu saye. A nan na gane tun farko ba tire ne a gabansa ba. Na tsaya kai da fata sai an goge hoton a gabana. Suka goge suna dariya, ni kuwa da kwamfuta nake cin abinci, na san iyakar amfanin wannan gogewar. Na fita da tabarmar a hammata. Daga ranar wayar Ɗanliti ba ta ƙara shiga ba, ya tafi da kafin alƙalamin da Alhaji ya ba shi. Har yau in na shiga kasuwa, ko a nan gida, ƙasa nake fara dubawa.

Na koma ɗakin nan mai warin kifi na kulle kaina. Ban san kowa ba, ban san ko kalma guda ta yarensu ba, ga kwanakin biza na zarcewa. Tsoron naman alade ya hana ni cin komai a waje, sai garin kwaki da ƙuli-ƙulin da maiɗakina ta ƙulla mini, ina jiƙawa a kofin otal. Ba kiran salla, sai waya ta yi ƙara in tashi in fuskanci inda kibiyarta ta nuna, ina sallar ina kokwanton alƙiblar. Na yi kewar gida irin wadda ban san ana yi ba. Ba manyan abubuwa nake tunawa ba. Furar da Fulani ke damawa wajen Ƙofar 'Yandaka nake tunawa, da tarin Malam da asuba, da yadda Inna ke ƙwala mini kira kamar ina wata unguwa alhali ina tsakar gida. Alhaji na turo saƙo yana tambayar ina aka kwana, ni kuwa ina amsa masa da "ana kai".

Yunwa ce ta fitar da ni. Ranar da garin kwakin ya ƙare na yi ta tafiya ina duban allunan shaguna kamar zan iya karantawa, har na hango wani kore mai baƙaƙen Larabci, an rubuta halal da wani irin hannu mai faɗi da ban taɓa gani ba. Na shiga na nuna kwanon wani da yatsa. Aka kawo mini taliya cikin romo. Na yi bisimilla a bayyane ba tare da na sani ba, sai wani mutum mai farar hula a teburin gefe ya juyo ya yi mini sallama.

Sallamar farko ke nan da aka yi mini tun da Ɗanliti ya ɓace, sai na ji idona ya ciko. Na amsa, na kuma sake masa gaisuwar Katsina gaba ɗaya cikin gurguwar Larabcina ta Islamiyya, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya gajiya, har ya fashe da dariya ya ce a hankali. Sunansa Yusuf, Musulmin ƙasar ne daga can arewacinsu, ya yi karatun Larabci a waje. Aikinsa tafinta ne a wata masana'anta da ke buga wa 'yan kasuwar Larabawa tire da butoci. Ya saurari labarina har ƙarshe, da na zo kan tabarma ya runtse ido. Kafin in ankara ya biya kuɗin taliyata.

Alherin nasa ma tsoro ya ba ni, don wanda ya gabace shi da runguma ya fara. Na ce masa ba zan buɗe gafaka ba sai na ga inji da idona. Bai ji haushi ba, ya ce haka ya kamata.

Masana'antar na wani ƙaramin gari, tafiyar rabin wuni a jirgin ƙasa. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙasa na motsi a tafin ƙafata. Mai wurin wata mata ce gajera mai saurin magana, kowa Madam yake ce mata. Yusuf ya zagaya da ni, ya nuna mini yadda ake yi. Ana sassaƙa wani ƙaton hatimi na ƙarfe gida biyu, mace da namiji, ɗaya rubutun ya lotsa ciki, ɗaya ya tudo waje. Sai a sa farantin silba a tsakani, inji ya sauko da nauyinsa, rubutun ya fito a jiki yadda za ka iya shafa shi da hannu. Hatimin shi ne komai. In an sassaƙa shi, duk tiren da zai fito kamarsa zai ɗauko.

Na ba su zanen da na kwafo daga takardar Malam. Ban gyara komai ba, har inda hannunsa ya ɗan yi rawa a wutsiyar ha na bar shi. Injiniyansu ya so ya goge gefen haruffan su yi sumul, ya ce injin zai fi jin daɗin yanka. Na ce ta bakin Yusuf ba daɗin inji na zo nema ba. Muka yi ta ja har ya gaji ya ƙyale ni. Na duba zanen a kwamfutarsu, na sake dubawa, na ɗora takardar Malam a gefe na gwada. Komai daidai, ruwa na ƙasa inda yake. Na ce a yanka.

Sassaƙar ta ɗauki lokaci fiye da yadda suka ce. Na zauna a wani ƙaramin masauki kusa da masana'antar, ina tashi da duban hatimin biza a fasfo ina kwanciya da shi. Yusuf kan biyo da rana da shayi da wata gurasa irin tasu, ya ce in kwantar da hankalina, shi da kansa yake sa ido a kan aikina.

Ranar gwaji suka kira ni da hantsi. Aka ɗaura hatimi, aka sa faranti, inji ya sauko har haƙorana suka haɗu. Wani ma'aikaci ya zaro tiren da safar hannu ya miƙo mini, da ɗuminsa. Wallahi ya yi kyau. Hannun Malam ne sak, da kaurinsa da rawar wutsiyar ha, yana ƙyalli. Na buɗe baki zan yi hamdala sai idona ya sauka a kan fa.

Ruwan yana sama.

Na juya tiren, na sake juyawa, ko ni na riƙe shi a kife. Yusuf na tsaye kusa da ni fuskarsa cike da fara'a. Ya rage murya don kada sauran su ji, ya ce:

"Na gyara maka. Ɗigon ya zame ƙasa a zanenka, na gani kafin a yanka, na mayar da shi wurinsa. Ban gaya maka ba don kada ka ji kunya."

A rubutun da Yusuf ya koya, wanda ke cikin littattafan bugu, ruwan fa a sama yake, ƙaf kuwa ruwa biyu gare ta. A wurinsa taimakona ya yi. Amma a rubutunmu na warash ruwan fa a ƙasa yake, in ka ga ruwa ɗaya a sama to ƙaf ce. Abin da ke hannuna, da hannun Malam, ba farahu ba ne. Ƙarhu ne, wato miki, rauni mai ciwo. Shi za a jera a ɗakin kowace amarya, dattawa su ɗauka su karanta, su ce ashe Malam ya rikice kafin ya makance.

Na fita waje na zauna a bakin wata kwata. Na kira Alhaji na gaya masa komai, har da na Ɗanliti da na daɗe ina ɓoyewa. Ya yi salati, ya yi faɗa, sannan ya sauko ya ce:

"Lawal, tsaya ka ji. Yaran yanzu duk bugun Misira suka karanta, su hwarahu za su gani. Wa zai tsaya duban ruwa a tire? Shi Malam kuwa, Allah shi ba shi lahiya, ina idon da zai gani da shi? A buga a loda."

Abin da ya fi damuna shi ne maganarsa akwai gaskiya a ciki. Ni kaina 'ya'yana ruwan fa a sama suka sani. Alhaji ya zuba dukiyarsa, an cuce shi sau ɗaya a hannuna, ga biza ta zo wuya. In na ce a buga, gobe an gama, in koma gida in sha fura. Na zauna ina lissafa wa kaina dalilai, kowanne na kawo sai in ji ya zauna daram.

Ina nan zaune maiɗakina ta kira, ta ce ga Malam yana son jin muryata. Na sha jinin jikina. Ya tambayi lafiyata, ya tambaya ko ina samun abin da zan ci, ko akwai inda nake samun jam'i, ko mutanen ƙasar na da kirki. Ya ce Inna ta ce in riƙa rufe ƙirjina. Ya sa mini albarka ya miƙa wayar. Bai tambayi ruwa ba. Da ya tambaya da ya fi mini sauƙi, amma shi a wurinsa ya riga ya ba da amana, magana ta ƙare.

Washegari na nemi Yusuf. Na yi ta ƙoƙarin yi masa bayani, Larabcina ya ƙi kai ni, yana ta gyaɗa kai irin na wanda ke tausayin mai gardama. Sai na tuna ranar da Malam ya yi rubutun na ɗauke shi bidiyo a waya. Na kunna masa. Ga Malam a kan buzu, fuskarsa dab da takarda, ya ja fa, ya ja ra, ya ja ha. Sannan ya sake tsoma alƙalami a tawada, ya laluba da ɗan yatsan hagu har ya sami gindin fa, ya ɗiga a hankali. Ana jin muryarsa yana cewa, "Ruwa a ƙasa." Na nuna masa hotunan wasu shafuka na hannun Malam, fa bayan fa, duk haka suke.

Yusuf ya sake kunna hoton, ya sake. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Sannan ya ba ni labarin kakansa, wanda ya rubuta Larabcin da ke bangon masallacin ƙauyensu da irin faffaɗan hannun nan da na gani a allon mai taliya. Ya ce da ya je karatu waje ya nuna wa wani malaminsa hoton yana alfahari, malamin ya ce wannan ba Larabci ba ne, zanen Sinawa ne. Ya ce har yau abin na ci masa rai.

"Ga shi na yi maka abin da aka yi mini," in ji shi.

Ya ja ni ofishin Madam. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Tana buga tebur, shi kansa na sunkuye. Daga baya na gane ya gaya mata laifinsa ne shi kaɗai, bai ce baƙo ne ya canza ra'ayi ba, alhali da ya faɗi haka ba ni da bakin musawa. Aka kira injiniya. Ya ce sassaƙa sabon hatimi zai wuce kwanakin da suka rage mini nesa ba kusa ba. Hanya ɗaya ce, a cike ramin ɗigon da walda a jikin macen, a goge tudunsa a jikin namijin, a fitar da sabo a ƙasa. Amma ƙarfen an riga an gasa shi ya yi tauri, in wuta ta sake taɓa shi yana iya tsagewa, ko nan take ko a ƙarƙashin inji. In ya tsage ba tire ko ɗaya, mai ruwa a sama ko a ƙasa.

Madam ta dube ni ta yi magana gajera. Yusuf ya fassara: ko a buga yadda yake, kaya tabbas, ko a yi walda, abin da ya faru ni na jawo. Na tuna Alhaji, na tuna yadda zan shiga Katsina hannu Rabbana. Na ce a yi walda. Muryata ta fito ƙarama har sai da Yusuf ya sa na maimaita. Da na kira Alhaji na gaya masa, sai ya kashe wayar.

Ba su bar ni na shiga ɗakin waldar ba. Na zauna a waje kan wani akwatin katako, gafaka a cinya, carbi a hannu, ina ja ba tare da na san me nake karantawa ba. Duk ƙarar da ta fito daga ciki sai in ce shi ke nan ya tsage. Suka ce sai ƙarfen ya huce a hankali cikin yashi, ba a gaggauta shi. Wannan jiran ya fi duk wanda na yi a ƙasar tsawo, abinci ma Yusuf ne ke tilasta mini.

Da aka sake ɗaura hatimin, ma'aikatan da ba ruwansu da maganar ma suka taru. Injin ya ɗaga, na rufe ido, ya sauko. Na kasa kunne ina jiran wata ƙara daban, ban ji ba. Aka buga na biyu, aka buga na uku, injiniya ya haska hatimin da tocila ya ɗaga babban yatsa. Aka miƙo mini tire. Ruwan na ƙasa, a gindin fa, inda Malam ya ɗiga shi. Na durƙusa a wurin, cikin baƙin mai da ƙura, na yi sujada.

Sai da na tashi na karkata tiren wajen haske na ga sauran. A saman fa, inda ɗigon ya taɓa zama, akwai wani ɗan tabo, bai kai ƙwayar gero tudu ba, ba ka ganinsa sai ka nema. Suka sake goge hatimin, tabon ya rage amma bai tafi ba. Injiniya ya ce in aka ƙara ci za a lalata harafin. Lokaci kuma ya ƙare mini. Na ce a buga.

Yusuf ya raka ni tashar jirgi. Ya ba ni ƙullin wani jan dabino na ƙasarsu ya ce in kai wa Malam, in roƙa masa gafara. Tiren farko mai ruwa a sama kuwa ya ce in bar masa, zai ajiye a inda yake aiki. Na so in yi masa godiya irin ta gida, doguwa, amma Larabcina bai kai ba, sai hannunsa kawai na riƙe.

Sauran kayan ta ruwa suka biyo, tire ɗaya na saka a jakar hannu. Duk tsawon hanya tunanin tabon nake. Ina ce wa kaina ba zai gani ba, sai kuma in ji kunyar wannan tunanin.

Na sami Malam a zaure da hantsi, a kan buzunsa. Idon ya ƙara tafiya, sai da na yi sallama ya san ni ne. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, na ba shi dabinon Yusuf. Sannan ya miƙo hannu biyu. Na ɗora masa tiren a cinya.

Bai kai shi kusa da fuska ba. Babban yatsansa ya sa, ya fara daga dama. Ya bi kan fa, ya gangara ra, ya zagaya ha har wutsiyarta, ya ɗan tsaya inda hannunsa ya yi rawa ya yi murmushi. Ya dawo gindin fa ya laluba, ya samu, ya danna. Na saki numfashi. Sai na ga yatsan ya hau sama, kamar mai duba ko an bar wani abu a baya. Ya tsaya cak.

"Lawwali, mi aka yi nan?"

Na gaya masa. Na ba shi labarin Yusuf da kakansa, da Madam, da walda. Yana saurare, yatsan bai bar wurin ba. Da na gama ya sake shafa tabon. Sannan ya ce:

"An ji mashi ciwo, amma ya warke. Hannuna ne."

Tiren nan bai taɓa shiga ɗakin girki ba. Yana jingine a gefen buzunsa. Duk baƙon da ya zo gaishe shi, in an gama gaisuwa, sai Malam ya ce miƙo hannunka. Ya kama yatsan mutum ya ɗora a kan tabon tukuna, sannan ya gangaro da shi ƙasa, kan ruwan.